Waƙar da Kake Ji a Waya, Taka Ce ko ta Aro?

A watan jiya muka taru a gidanmu na gado da ke Gangare, a nan cikin Jos, domin kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinmu, saboda za a yi wa ɗakin gyara a sa ƙaninmu da zai yi aure bayan salla. A ƙarƙashin gado aka jawo wani kwalin sabulu ɗaure da igiya, maƙare da kaset-kaset, can ƙasansa kuma ga faya-fayen garmaho guda bakwai a cikin rigunansu na takarda da tsufa ya mayar ruwan ƙasa. Kafin in ankara, ɗan yayana, saurayi mai natsuwa da ke karatu a jami'a, ya kinkimi kwalin ya dire shi a tsakar gida kusa da matacciyar fanka da tsohon risho, cikin tarkacen da za a bai wa 'yan gwangwan. Da na tambaye shi dalili, sai ya amsa cikin ladabi: "Baffa, ai duk waɗannan suna intanet. Ko yanzu kake so sai in kunna maka."

Na ce to, bismilla. Na zaro kaset ɗaya na Ɗan Maraya Jos, na karanta masa sunayen waƙoƙin da ke jikin takardar, shi kuma yana nema a wayarsa. Ya samo wasu nan take, har ya dube ni yana murmushi. Amma ɗaya mun same ta a yanke, an sare ƙarshenta daidai inda kuntigin ke ƙara zafi, wata kuma wanda ya ɗora ta ya raɗa mata sunan da ba shi ne a jikin kaset ɗin ba, babu shekarar da aka yi ta, babu sunan kamfanin da ya naɗe ta. Biyu kuwa mun neme su sama ko ƙasa ba mu gani ba. Da na ɗauko wani kaset ɗin da mahaifinmu ya rubuta wa "Bikin mahauta, Bukuru" da biro, wanda kiɗan kalangu ne da wani ya naɗa da rikodarsa a filin biki, sai yaron ya yi shiru, domin shi ma ya gane cewa mai yiwuwa ne babu kwafi na biyu a duk duniya.

Ban ga laifinsa ba. Abin da ya faɗa shi ne abin da kusan kowa ya yarda da shi yanzu, kuma wannan yardar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Matsayina shi ne: manhajojin sauraron waƙa ta intanet alheri ne wajen neman sabuwar waƙa da rage kaɗaici a hanya, ni ma ina amfani da su, amma abin da suke ba mu aro ne. Duk waƙar da mutum ya damu da ita har yake fatan jikansa ya ji, ya kamata ya saye ta da kuɗinsa daga hannun mai ita, ya mallaki kwafinta a wurin da babu kamfanin da zai iya rufe masa ƙofa. Al'ummar da kuma ta zubar da kaset da faifanta bisa zaton cewa komai yana intanet, za ta wayi gari ta tarar abin da ya rage mata shi ne kawai abin da wasu suka ga damar ɗorawa.

Me kake biya wa kuɗin wata?

Wanda ya sayi kaset a kasuwar Terminus, babbar kasuwar Jos, a shekarun baya ya san abin da ya saya. Yana iya jin sa sau dubu, ya ara wa maƙwabcinsa, ya kai wa amaryarsa, ya mutu ya bar wa 'ya'yansa, kamar yadda namu ya bar mana. Wanda yake biyan kuɗin wata a Spotify ko Apple Music ko Boomplay izinin sauraro yake biya wa, kuma izinin yana ƙarewa ranar da ya daina biya. Ko waƙoƙin da ya sauke a cikin manhajar domin ya ji su ba tare da data ba, a kulle suke, ba zai iya fitar da su ya zuba a memori ba. A Spotify ma sai ya hau intanet aƙalla sau ɗaya a cikin kwana 30, in ba haka ba su daina buɗuwa. Shekara goma ka yi kana biya, ranar da aljihu ya ƙi, ba ka da ko baiti ɗaya.

Ko kana biyan ma, ba kai ke yanke hukuncin abin da zai zauna ba. A watan Fabrairun 2024 kamfanin Universal ya janye waƙoƙin mawaƙansa daga TikTok saboda saɓani a kan kuɗi, miliyoyin bidiyo suka koma bebaye har zuwa watan Mayu da suka shirya. A 2020 Google ya rufe manhajarsa ta Google Play Music. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na MySpace, dandalin da a zamaninsa matasan mawaƙa na duniya suka ɗauka rumbu ne: a 2019 ya sanar cewa waƙoƙin da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta yayin sauya na'urorin ajiya, kuma an ƙiyasta sun kai miliyan 50. Waɗanda suka ajiye kwafi a gida su ne suka tsira da nasu.

Mu a Arewa ba ma buƙatar zuwa Amurka neman misali. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni ana cikin wannan hali. Mai waƙa a memori ya ci gaba da jin abinsa, mai dogaro da sabis kuwa wayarsa ta zama tocila. Ko a ranar da babu wata fitina, duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Abuja ta Akwanga ya san wuraren da sabis ke ɗaukewa, ya kuma san yadda data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ina kuɗin yake tafiya?

Da yawa daga cikin masu biyan kuɗin wata suna jin cewa sun sauke nauyi, tunda dai sun biya, to mawaƙinsu ya samu. A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci yadda rabon yake, domin ba haka lissafin ke tafiya ba.

Manyan manhajojin ba sa ɗaukar kuɗinka su miƙa wa wanda ka saurara. Tara kuɗin kowa suke yi a tukunya ɗaya, na masu biyan wata da na talla, kamfani ya cire nasa, wajen kashi biyu cikin uku ya tafi ga masu haƙƙin waƙoƙi, sannan a raba gwargwadon yawan saurarar da kowa ya samu a ƙasar a wannan watan. Wato idan ɗan kasuwa a Katako ya biya kuɗinsa, ya kwashe wata guda ba ya jin kowa sai wani mawaƙin Hausa guda ɗaya, mafi yawan kuɗinsa zai tafi ne ga waɗanda suka fi kowa yawan masu sauraro a Najeriya, mawaƙin nasa ya sami ɗan abin da ya faɗo masa. Ba a ƙirga sauraro sai ya kai daƙiƙa 30. Tun daga watan Afrilun 2024 kuma Spotify ya kafa sharaɗin cewa waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin watanni 12 ba, ba ta da kaso sam. Mai gurmi a ƙauye, da mai amada, da mai begen da masoyansa ɗari uku ne amma masu ƙaunarsa da gaske, duk wannan sharaɗi yana iya hana su kaso.

Tukunyar tamu ma ƙarama ce. Lokacin da Spotify ya shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021, naira 900 yake karɓa a wata, alhali a Amurka dala 9.99 ake biya. Wannan sauƙi ne ga mai sauraro, amma yana nufin cewa sauraro ɗaya daga Jos bai kai darajar sauraro ɗaya daga Landan ko kusa ba. Gaskiya ne kamfanin ya sanar cewa mawaƙan Najeriya sun samu fiye da naira biliyan 58 daga wurinsa a 2024, fiye da ninkin biliyan 25 na 2023, kuma abin farin ciki ne. Sai dai a tambaya: su waye ke da masu sauraro a Ingila da Amurka da Faransa, inda kuɗin yake da nauyi? Mawaƙin Hausa jama'arsa suna Kano da Jos da Zariya, suna Maraɗi da Damagaram, suna zangon Kumasi da Garwa da Injamena. Jama'a ce mai ɗimbin yawa, amma mafi yawanta ba ta biyan kuɗin wata, kuma tallan da ake nuna mata mai araha ne.

Shi ya sa har gobe mawaƙin Hausa ba da waƙarsa yake ci ba, da abin da waƙar ta jawo masa yake ci: liƙi a wurin biki, kyautar basarake, kwangilar ɗan siyasa lokacin zaɓe. Muna yawan ƙorafin cewa mawaƙanmu sun koma 'yan amshin shatan masu mulki, sun daina waƙar talaka irin wadda Ɗan Maraya ya yi wa direbobi da yaran mota da matan aure. Amma wanda ya biya kuɗin situdiyo shi ke zaɓar abin da za a rera. Idan mutum dubu suka sayi kundin mawaƙi a kan naira 2,000, miliyan biyu ke nan ta shiga hannunsa ba tare da ya durƙusa a ƙofar kowa ba. Mawaƙin da masu sauraronsa ke ciyar da shi yana iya faɗin abin da ke ransa.

"Ai zamanin kaset ma ba a biya mawaƙa ba"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini, kuma akwai gaskiya a cikinta. Ban manta da rikoda mai baki biyu ba, wadda ake sa kaset na asali a gefe ɗaya, fanko a ɗaya gefen, a kwafe shi cikin mintuna. Satar fasaha ta cinye kasuwar kaset da ta CD, daga Alaba a Legas har zuwa Ƙofar Wambai a Kano, kuma tana cikin abubuwan da suka sa manyan kamfanonin ƙetare irin su EMI da Polygram suka sayar da harkarsu a Najeriya suka tafi. Mawaƙa da yawa sun miƙa wa 'yan kasuwa aikinsu ɗungurungum a kan kuɗi ƙalilan, suna kallo ana cin riba shekara da shekaru. Ba na kiran kowa ya koma wannan zamani.

Amma ko a cikin wannan ɓarnar, abu biyu sun tabbata. Mai sauraro ya saba da cewa waƙa abu ce da ake cire kuɗi a saya, kuma kwafi ya bazu a dubban gidaje. Yau mun rasa na farkon, muna gab da rasa na biyun.

Shagon turi shi ne magajin waccan rikoda. A bakin Terminus da Farar Gada da kowace tashar mota za ka ga saurayi zaune gaban kwamfuta a ƙarƙashin lema, lasifika na tashi, ka ba shi 'yan ɗaruruwan naira ya cika maka memori da waƙoƙi da fina-finai, kai kuma ka je gida ka tura wa abokai goma ta Xender. Wanda ya yi haka ya mallaki kwafinsa, wannan gaskiya ne, ko sabis ya ɗauke yana da abin ji. Amma mai waƙar bai ga ko sisi ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na zagin waɗannan samari, neman abinci suke yi a ƙasar da aiki ya yi wuya, kuma babu wani kamfani da ya kai waƙar Hausa lungu da saƙo kamar yadda suka kai ta. Abin da nake gani shi ne, hanyar rarrabawa ce da ta riga ta kafu, wadda ƙungiyoyin mawaƙa za su iya zama da masu ita su yi yarjejeniya: a ba su sabon kundi mai tsabtar sauti da izini, su sayar, a raba. Mu da muke kaffa-kaffa da haƙƙin mutane a ma'auni da bashi, bai kamata guminsu a waƙa ya zama shi kaɗai ne muke ci hankali kwance ba.

"Wa ke da rikoda yanzu?"

Ba kowa ba. Sababbin motoci sun daina zuwa da wurin sa CD, kwamfutocin tafi-da-gidanka ma haka, mai gyaran rikoda kuma sai an tona kafin a same shi. Ba na cewa ɗalibin da ke fama da kuɗin abinci ya je ya nemo garmaho.

Abin da nake nufi da saye ya fi faifai faɗi. Waƙar da ka biya kuɗinta ka sauke ta a matsayin fayil naka, wanda za ka iya kwafa a memori da filas da kwamfuta, mallaka ce kamar kaset. Akwai dandalin Bandcamp da ya daɗe yana wannan ciniki, inda mafi yawan kuɗin ke zuwa ga mawaƙi, akwai kuma dandalin Selar na nan gida da ake sayar da irin waɗannan kaya da naira. Ko ba dandali, a ƙasar da mai shayi ma yake karɓar kuɗi ta tiransifa, babu abin da zai hana mawaƙi ya ce ga lambar asusu, ga kundi, ga takarda mai ɗauke da baitoci da sunan wanda ya haɗa kiɗan da 'yan amshi da ranar da aka naɗa. A nan nauyin yana wuyan mawaƙan su ma. Na sha neman hanyar da zan biya wani mawaƙin da nake so ban samu ba, domin ya saki waƙar kyauta ya koma yana jiran gayyatar biki. Ba a sayen abin da ba a kasa ba.

Kuma kada a ɗauka faifai ya mutu. A duniya sauraro ta intanet ne ke kawo wajen kashi 69 cikin 100 na kuɗin waƙoƙin da aka naɗa, bisa alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faya-fayai ta duniya na 2024, amma a Amurka, inda kowa ke da intanet mai ƙarfi, an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a 2022, fiye da CD miliyan 33, karo na farko tun 1987. Mutanen nan suna da manhajojin a wayoyinsu, sun dai gane cewa wanda suke ƙauna sai su riƙe aikinsa a hannu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a 2013 wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Sahel Sounds ya tattara waƙoƙin fina-finan Hausa ya buga su a faifan garmaho ya sayar wa Turawa. Tsofaffin faya-fayen Najeriya na shekarun 1970 kuwa, masu tarawa daga Turai sun daɗe suna bin kasuwanninmu suna kwashewa, su sake bugawa su sayar da tsada. Abin da muke miƙa wa 'yan gwangwan, wasu jirgi suke hawa su zo nema.

"Kaset ma yana lalacewa"

Yana lalacewa ƙwarai. Zarensa yana tsinkewa, rikoda tana taune shi, sanyin damina na Jos yana sa masa fumfuna, CD yana karcewa, faifan garmaho yana lanƙwashewa idan ya sha rana. Mu mutanen garin nan mun fi kowa sanin abin da wuta ke yi, tunda muna gani babbar kasuwarmu ta ƙone a watan Fabrairun 2002, da duk abin da ke cikin shagunanta.

Sai dai kariyar abin da aka mallaka tana cikin yawan hannayen da ke riƙe da shi. Idan kwafi dubu suna gidaje dubu, gobara ɗaya ba ta cinye su, kuma babu wani ma'aikaci a wata ƙasa da zai danna maɓalli su ɓace gaba ɗaya. Duk tsohuwar waƙar Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ko Barmani Coge ko Haruna Uji da muke ji a intanet yau, daga ina ta fito? Wani ne ya ajiye kaset ko faifai, ko gidan rediyo ya adana naɗinsa, har ranar da aka mayar da shi cikin kwamfuta. Haka karatuttukan malamai: tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, yana yawo a wayoyi yau ne saboda Rediyon Kaduna ya naɗa, almajirai kuma sun ajiye kaset. Intanet ba ta haifi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, karɓa ta yi daga hannun masu ajiya, kuma abin da ba a kai mata ba ba ta da shi.

Abin da ba a kai mata ba kuwa shi ne ya fi yawa. Makaɗan noma da na dambe da na maƙera da na mahauta, zabiyoyin da suka yi suna a unguwa ɗaya ko gari ɗaya, waƙoƙin Hausa da mawaƙan coci na Filato suka cika kaset da su shekara da shekaru, kiɗan Birom da Afizere da Anaguta da aka naɗa a bukukuwa, yawancinsu ba su taɓa shiga hannun wani babban kamfani ba. Babu mai ɗora su a Spotify domin babu ribar da za a ci. Suna nan a kwalaye irin na mahaifinmu, kuma duk shekara ana zubar da wasu.

Akwai kuma abin da ake rasawa ko da an ɗora. Takardar kaset tana gaya maka wane ne ya yi, wane kamfani, wace waƙa ke bin wace. Waƙar Shata ko ta Ɗanƙwairo tarihi ce, tana cike da sunayen sarakuna da attajirai da garuruwa, kuma wanda bai san lokacin da aka yi ta ba rabin ma'anarta ya wuce shi. Manhaja kuwa an gina ta ne domin kada ka tsaya, waƙa na ƙarewa ta jefo maka wata. Na lura da yaran gidanmu, da wuya su bar waƙa ta kai ƙarshe kafin yatsa ya ture ta. Waƙar fada mai minti ashirin, wadda makaɗi ke ɗaukar lokaci yana jero asalin ubangidansa kafin ya shiga zambo, ba za ta yi daɗi a irin wannan sauraro ba.

Magada da ma'ajiya

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar mawaƙi ya rasu waƙarsa ta zama ta kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, ke nan aikinsa yana da kariya har 2069. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, nasa sai 2085. Duk wanda ya ɗora waƙoƙinsu yana karɓar kuɗin talla ba da izinin masu haƙƙi ba, dukiyar wasu yake ci, ko da niyyarsa ta raya al'ada ce. Na san da yawa daga cikin masu ɗorawar ƙauna ce ta sa su, kuma ba don su ba da wasu waƙoƙin sun ɓace. Abin da ya dace shi ne su nemi iyalan, a zauna a tsara, a fitar da cikakken kundi mai gyararren sauti da bayani, a sa masa farashi. Ni zan saya, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Garin nan namu yana da abin da sauran garuruwa ba su da shi. A Jos hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, kuma a ƙarƙashinta akwai ma'ajiyar ƙasa ta fina-finai da bidiyo da sauti. Ga gidan tarihi na Jos da aka buɗe tun 1952, ga gidan rediyo da talabijin na jiha, ga jami'a. Roƙona gare su shi ne su ware ko da rana ɗaya a wata, su yi shela cewa duk mai tsohon kaset ko faifai ya kawo a kwafe masa cikin kwamfuta, a mayar masa da abinsa tare da kwafi, ma'ajiya ta riƙe ɗaya da bayanin wanda ya kawo da abin da ya sani game da shi. Aikin ba ya buƙatar biliyoyi: rikoda mai lafiya, kwamfuta, da mutum biyu masu haƙuri. Kuma yana da gaggawa, domin dattawan da za su iya jin murya su ce wannan wane ne, a bikin wane aka yi, suna ta tafiya.

Kwalin mahaifinmu dai bai tafi wurin 'yan gwangwan ba. Na samo wani dattijo mai gyaran rediyo a Dilimi ya canza wa tsohuwar rikodarmu bel, ya goge mata kai da auduga, ɗan yayan nawa kuma ya haɗa ta da kwamfutarsa da wata 'yar igiya. Duk ranar Asabar bayan la'asar muna kwafe kaset biyu ko uku, domin kowanne sai an bar shi ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe, shi yana rubuta abin da ke jikin takarda a littafi, ni ina juya wanda zarensa ya saki da biro. Mun kai na goma sha huɗu. Na bikin mahauta mun kai wa gwaggonmu ta saurara, ta gane muryar sanƙiran tun kafin ya gama kirarin farko, ta faɗi sunansa da unguwarsu, amma mai kalangun ya shige mata. Ta ce a gwada wani tsohon mahauci da har yanzu yake zama a bakin kasuwar Bukuru, kuma can za mu je Asabar mai zuwa in Allah ya yarda.